Sabunta Tsofaffin Kayan Katako: Daga Gamawa Zuwa Meksiko

Gamawa gari ne a arewa maso gabashin Jihar Bauchi, cikin masarautar Katagum, wadda fadar sarkinta take Azare. Ƙaramar hukumar Gamawa ta yi iyaka da Jihar Yobe. Yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Ƙasar akwai rairayi, damina ba ta da tsawo, manyan itatuwa kuma ba su da yawa kamar yadda suke a kudancin Nijeriya.

Idan ka yi sallama a wani tsohon gida a Gamawa, aka yi maka iso zuwa ɗakin tsohuwa, kada ka yi mamaki in ka ga akwatin katako a ƙuryar ɗaki ko a ƙarƙashin gado. Mai yiwuwa da shi aka kawo ta gidan miji shekara 50 da suka wuce. Fentinsa ya koɗe, murfinsa ya karkace, makullinsa ya yi tsatsa. Kusa da shi za ka iya ganin kujerar tsuguno wadda ta yi baƙi saboda hayaƙi, da kwabar da a da ake jera kwanuka a ciki. Jikokin tsohuwa suna ganin babu inda ya dace da waɗannan kaya sai murhu. To, da kai aka bai wa akwatin, me za ka yi da shi? Wannan darasi zai nuna maka yadda ake mai da shi sabo, da kuma abin da za mu koya daga masu irin wannan sana'a a ƙasar Meksiko.

Fara da sanin katako

Ba kowane tsohon kaya ne ya cancanci wahalarka ba. Kayan katako iri biyu ne a gidajen mutane yau. Akwai waɗanda aka yi da itace na gaske, kamar maɗaci ko madobiya ko ƙirya. Akwai kuma na zamani, waɗanda aka yi da garin itace da aka kwaɓa da gulu, aka matse, aka lulluɓe da leda mai ƙyalli. Irin na biyu yana da kyau a ido ranar jere, amma da zarar ruwa ya shige shi sai ya kumbura, ya riƙa marmashewa kamar busasshen burodi. Wannan ba ya karɓar gyara. Kifa kayan, ka dubi gindinsu ko bayansu, inda fenti bai kai ba. In ka ga jijiyar itace, wato layukan da ke bin tsawon katako, ka dace.

Daga nan sai ka ƙwanƙwasa ko'ina da bayan yatsa. Lafiyayyen katako yana da amo mai ƙarfi. Wanda gara ta cinye cikinsa kuwa amonsa kamar na ganga ne, in ka danna shi da ƙusa sai ya lotsa. In ɓarnar a gefe ɗaya take, kafinta zai iya cire wannan falle ya sa wani. In ta game ko'ina, haƙuri za ka yi.

Me ya sa za a sha wannan wahala alhali ga sababbi a kasuwa? Dalili na farko kuɗi ne. Yawancin katakon da kafintocin Azare da Gamawa ke aiki da shi daga nesa ake kawo shi a manyan motoci, kuma kuɗin motar yana kan mai saye. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Maɗaci yakan yi shekaru masu yawa kafin ya isa yanka. Madobiya kuwa an sare ta ba ji ba gani a Afirka ta Yamma, har da Jihar Taraba, ana kai ta ƙasar Sin, har ta kai a shekarar 2016 ƙasashen duniya suka amince a sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu. Saboda haka katakon tsohon akwatin nan, wanda ya daɗe da bushewa ya kuma daina motsi, sau da yawa ya fi wanda za ka saya yau inganci. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Wanki da kankara da guga

Kafin ka taɓa komai, nemi izinin mai kaya, ka kuma tambaye ta abin da take so a bar mata. Wata za ta ce kada a goge sunan da aka rubuta a cikin murfi. Bayan haka sai ka kwance duk abin da yake na ƙarfe, wato makulli da mariƙi da maratayan murfi, ka zuba su a kwano tare da ƙusoshinsu don kada su ɓace. Jiƙa su da ɗan kananzir, tsatsar za ta yi laushi. Shi kuma akwatin ka goge shi da tsumma da ruwan sabulu. Kada ka kwarara masa ruwa, kada kuma ka shanya shi a tsakiyar rana, domin zai tsage. Inuwa ta ishe shi.

Aiki na gaba shi ne kankare tsohon fenti, kuma a nan ne ya kamata ka yi hattara ƙwarai. Tsofaffin fenti da yawa, musamman ja da rawaya, suna ɗauke da dalma. Dalma guba ce, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. 'Yan Nijeriya ba za su manta da shekarar 2010 ba, lokacin da ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara. Likitoci sun ce ko kaɗan ɗin dalma ba shi da kyau a jikin yaro. Don haka yi aikin a waje, nesa da madafa da wurin wasan yara. Shimfiɗa buhu a ƙasa don ya tare ɓawon fentin. Rufe hancinka da bakinka. Yayyafa wa fentin ruwa kafin ka kankare, don kada ya tashi ya zama ƙura. Kada ka kuskura ka babbake shi da wuta. In ka gama, ƙulle ɓawon a leda, ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

Sai guga. Ana yin ta da samfefa, wato takarda mai kaushi wadda aka manna wa yashi a fuska ɗaya. In ka juya bayanta za ka ga lamba. Ƙaramar lamba tana nufin kaushi, babba tana nufin laushi. Fara da mai lamba 80, ka koma 120, ka ƙare da 220. Doka ɗaya ce a nan: bi jijiyar itace, kada ka gitta ta. Karcen da ka yi a gicciye ba ya fitowa yanzu, sai ka shafa mai zai bayyana, a lokacin kuwa gyara ya yi wuya. Naɗe samfefar a jikin ɗan guntun katako don gugar ta yi daidai. Rufe ido ka shafa da tafin hannu, hannu ya fi ido ganin kaushi.

Inda haɗi ya yi sako-sako, kankare tsohon gulu, ka sa sabo, ka ɗaure da igiya tamau har kwana ɗaya. Ƙananan ramuka kuwa, kwaɓa garin da ya zubo wajen guga da ɗan gulu, ka cike su. Da yake garin daga jikin katakon ya fito, launinsu zai zo kusan ɗaya.

Yanzu akwatin ya koma fari fat, kamar ranar da kafinta ya gama shi. Saura tambaya babba: me za a shafa masa? A Gamawa da Azare, kamar sauran garuruwa, yawanci gwangwanin fenti ake saye, ko man ƙyallin da kafintoci ke kira banish. Ba laifi, suna aiki. Amma kafin ka je shago, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa, inda aka mai da wannan shafe sana'a mai zaman kanta.

Yadda ake yi a Meksiko

Meksiko tana kudu da ƙasar Amurka, kuma Sifaniyanci ne babban harshenta. Tun kafin Turawan Sifaniya su ci daular Aztek da yaƙi a shekarar 1521, mutanen ƙasar sun iya shafe ƙorai da wani haɗi na mai da garin dutse. Haɗin yana sa ƙwarya ta yi santsi da ƙyalli, ruwa kuma ba ya ratsa ta. A irin waɗannan ƙorai manyansu suke shan cakulan. Lura da wannan: sana'ar da ƙwarya ta fara, kamar dai ƙwaryar da Fulanin Gamawa ke zuba nono. Bayan zuwan Sifaniyawa ne aka fara shafa haɗin a akwatuna da faranta da tebura. Daga 1565 zuwa 1815 jiragen ruwa sun riƙa zirga-zirga tsakanin Manila ta ƙasar Filifin da tashar Acapulco ta Meksiko, suna kawo kayan ado na ƙasar Sin, masu sana'ar kuma suka ɗauki wasu zane-zane daga cikinsu.

Garin da ya fi shahara da wannan aiki shi ne Olinala, cikin duwatsun jihar Guerrero. Man da suke amfani da shi daga wata tsaba ake samun sa, ana kiran ta ciya, ba ta kai riɗi girma ba. Sukan soya ta sama-sama, su niƙa, su matse man. Sai su kwaɓa man da wata irin ƙasa, su shafe katako da shi. Tun bai bushe ba, sai su barbaɗa garin farin dutse wanda aka gauraya da launi. Da jelar barewa suke barbaɗawa. Daga nan sai mai aiki ya ɗauki dutse mai santsi ya yi ta murzawa, har mai da gari su zama abu ɗaya, su kama jikin katako. Ya sake shafawa, ya sake barbaɗawa, ya sake murzawa. Sai a ajiye kayan kwanaki su sha iska.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke fitar da zane. In launin farko ya bushe, misali baƙi, sai a rufe shi duka da launi na biyu, misali ja. Tun jan bai yi tauri ba, sai mai zane ya ɗauki ƙaya wadda aka soke a gindin gashin talotalo, ya zana tsuntsaye da zomaye da furanni. Sa'an nan ya kankare jan daga tsakanin zanen, sai baƙin da ke ƙasa ya leƙo. Babu buroshi a wannan aiki, cirewa ake yi maimakon ƙarawa. Sunan salon a harshensu rayado, ma'anarsa abin da aka karce. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai zanen ƙwarya a ƙasar Hausa, ya ga yadda wuƙa ke ɗauke fatar waje farin ciki ya bayyana, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A garin Uruapan na jihar Michoacan dabarar ta ɗan bambanta. Can sukan haɗa da kitsen wani ƙaramin ƙwaro da ake dafawa a tace. Sukan yanke siffar zanen a jikin launin farko, su cike gurbin da wani launi, suna murzawa da tafin hannu. Sai launi ɗaya ya bushe ake sa na gaba. Faranti guda mai launi da yawa yakan ɗauki makonni.

Su ma suna da matsala irin tamu. Akwatunan Olinala sun yi suna ne saboda ƙamshin itacen da ake kira linalowe, wanda dangin hano da dashi ne na dazukanmu. In ka buɗe akwatin sai ƙamshi ya tarbe ka. An sare itacen har ya yi ƙaranci, yanzu da yawa da wani katako mai araha ake yin akwatunan, a shafa musu turaren linalowe a ciki. A shekarar 1994 gwamnatin Meksiko ta kare sunan Olinala da doka, don kada a sayar da aikin wani wuri da sunan garin.

Ba kowa ne ke da haƙurin wannan doguwar hanya ba, ko a can. Akwai salo mai sauƙi na gidajen karkara: a rina katako ya yi duhu, a murza masa kaki, a sa masa manyan ƙusoshi da mariƙai na baƙin ƙarfe. Ba a ɓoye tabon tsufa, ana barin sa ya zama ado.

Mu koma ga akwatinmu

Ba mu da ciya, amma muna da hanyoyi biyu da za mu bi. Kafin nan, ga kuskuren da mutane da yawa ke yi: shafa wa katako man gyaɗa. Mai iri biyu ne. Akwai wanda iska ke busar da shi ya zama fata mai tauri, kamar man ciya da man linsid da ake samu a shagunan fenti na manyan garuruwa. Akwai wanda ba ya bushewa ko ya shekara, kamar man gyaɗa. Wannan sai dai ya kama ƙura, ya yi danƙo, daga baya ya yi wari, ya kuma ɓata tufafin da aka ajiye. Baƙin man mota, wanda wasu ke shafa wa katakon rufi don korar gara, bai kamata ya shiga ɗakin kwana ba sam.

Hanya ta farko ita ce ta kaki, kuma ita ta fi dacewa da katako mai kyan jijiya kamar maɗaci. Shafa man linsid kaɗan da tsumma, ka jira kamar minti 20, ka goge duk wanda katakon bai sha ba. Bar shi kwana biyu, ka maimaita. Sa'an nan ka nemi kakin zuma wurin masu sayar da zuma. Sa shi a gwangwani, ka ɗora gwangwanin cikin ruwan zafi har ya narke, ka zuba ɗan man linsid ka gauraya. In ya huce, lakato kaɗan ka murza wa katakon, ka bi da busasshen tsumma har hannunka ya gaji. Ƙyallin da zai fito mai taushi ne, ba ya kashe ido. In makullin ya lalace, maƙeri zai ƙera maka sabon mariƙi na baƙin ƙarfe.

Hanya ta biyu ita ce ta karce, ga katakon da ba shi da kyan gani ko wanda ya sha faci. Sayi fenti mai launi biyu, ka tambayi wanda ba shi da dalma. Shafa mai duhun, ka bar shi ya bushe sarai, ko da zai kai mako guda. Shafa na biyu siriri a kansa. Idan ya fara kamawa amma bai yi tauri ba, ɗauki ƙayar aduwa ka ja zanenka. Yi fuska ɗaya ka gama kafin ka shafa ta gaba, in ba haka ba fentin zai riga ka bushewa. Gwada a guntun katako tukuna. A ganina babu dalilin kwaikwayon zomayen Olinala. Dagin Arewa yana nan, ga zanen hula, ga aska takwas ta babbar riga, ga layuka da kusurwoyin ƙoran Fulani. In iyayenka daga wani yanki na Nijeriya suke, duba zanen tufafin garinku, za ka sami abin ɗauka.

Lokacin aiki ma yana da muhimmanci. Da hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti, ya bushe da kaushi kamar samfefa. Da damina kuwa laima tana hana shi bushewa da wuri. A Gamawa lokacin kaka ya fi, wato bayan ɗaukewar ruwa kafin iskar hunturu ta taso. In dole sai da hunturu, yi shafen da sassafe a rumfar da iska ke ratsawa, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Kada ka dunƙule tsumman da ya sha man linsid ka jefa a lungu. Yayin da man ke bushewa yana fitar da zafi, har tsumman yakan kama da wuta shi kaɗai. Baza shi a ƙasa a waje, ko ka tsoma shi a ruwa. Akwatin kuwa, mai da masa ƙarafansa, ka bar murfin a buɗe kamar mako biyu har warin ya fita, kafin tsohuwa ta mai da zannuwanta ciki.

Ma'anar Kalmomi

kwaba: akwati mai tsayi da ƙofofi, inda mata ke jera kwanuka
jere: shirya kayan amarya a ɗakinta
koɗe: rasa hasken launi saboda daɗewa
gara: ƙaramin ƙwaro mai cin itace
lotsa: shigewa ciki in an danna
dalma: ƙarfe mai nauyi da taushi, mai guba
laima: danshin iska ko na ƙasa
kaki: abin da ƙudan zuma ke gina saƙarsu da shi

Tambayoyi

1. Ta yaya za ka gane katakon da gara ta cinye cikinsa?
2. Kawo dalilai biyu da suka sa tsohon katako yake da daraja a Gamawa.
3. Me ya sa ake yayyafa wa tsohon fenti ruwa kafin a kankare shi?
4. Bayyana yadda mutanen Olinala ke fitar da zane, ka kwatanta shi da zanen ƙwarya.
5. Mene ne bambancin man gyaɗa da man linsid a wajen wannan aiki?
6. Yi amfani da kowace daga cikin waɗannan kalmomi a jimla: kankare, murza, barbaɗa, yayyafa.

Aikin Gida

Nemi wani tsohon abu na katako a gidanku. Tambayi iyayenka ko kakanninka tarihinsa, ka rubuta jimloli goma da Hausa a kan wanda ya yi shi, da shekarunsa, da gyaran da yake bukata.